Tafiya mai nisa a mota: yadda za a kauce wa tarar gudu

Idan kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, sai hanyoyi su cika da matafiya. Wani zai kai albasa daga Galmi zuwa Yamai. Wani zai kai wake kasuwar Maraɗi. Wani kuma zai je Damagaram biki ko gaisuwa. Ƙasarmu tana da faɗi, garuruwanta suna nesa da juna. Daga Yamai zuwa Maraɗi akwai wajen kilomita 660. Daga Yamai zuwa Damagaram akwai wajen kilomita 890. Nisan nan shi ke sa direba ya ƙosa, ya taka mota fiye da kima.

Sau da yawa gudun nan yakan ƙare a gaban jandarma. A tsayar da mota, a karɓi takardu, a ci direba tara. Ribar da aka fito nema sai ta tafi wurin biyan tara. Wani lokaci kuma gudun yakan ƙare a gadon asibiti, ko a maƙabarta.

Mutane suna tambaya: ina dabarar da za a yi a tsira daga tara? Amsar tana da sauƙi. Tun daga gida ake kauce wa tara, kafin a tada mota. Wanda ya san doka, ya shirya takardunsa, ya ba tafiyarsa isasshen lokaci, ba shi da abin tsoro a hanya. Wannan bayani na direbobi ne, da masu motoci, da masu babura, da fasinjoji baki ɗaya.

Mece ce tara, kuma wa ke cin ta?

Tara kuɗi ne da hukuma ke karɓa daga wanda ya karya doka. Ƙasar Nijar tana da dokar hanya. An sabunta ta a shekarar 2014. Ita ce ta faɗi yadda ake tuƙi, da takardun da ake riƙewa, da hukuncin wanda ya saɓa. Akwai kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, wadda ake kira ANISER. Aikinta shi ne faɗakar da jama'a da neman rage haɗari.

A cikin manyan garuruwa ƴan sanda ne ke lura da masu tuƙi. A kan hanyoyin karkara kuwa jandarmomi ne. Suna da ikon tsayar da mota, su duba takardu, su rubuta laifi.

Tara ba ita kaɗai ce asarar ba. Idan laifin ya yi girma, ana iya tsare mota a hannun hukuma. Ana iya karɓe lasin tuƙi. Duk kwanan da mota ta yi a tsare, mai ita ba ya samun ko dala. Kayan gwari kamar tumatir da kabeji ba sa jiran kowa, rana ɗaya ta isa su lalace. Idan kuma gudun ya jawo rauni ko mutuwa, maganar ta wuce tara. Sai gaban alƙali, kuma ana iya ɗaure direba.

Akwai na'urar auna gudu, wadda ake kira rada. Jami'i yakan nuna ta wajen motar da ke tahowa. Tana aika wani sako marar ganuwa, ya bugi mota, ya dawo. Nan take lamba ta fito, ta nuna gudun motar. Na'urar tana aunawa daga nesa. Kafin direba ya hangi jami'i ya taka birki, an riga an san gudunsa. Saboda haka dabarar rage gudu sai an ga shinge ba ta da amfani a inda ake aiki da ita.

Mu san allunan hanya

Allon hanya magana ce ta hukuma. Wanda ya iya karanta lamba ya iya karanta shi. Ga waɗanda suka fi muhimmanci:

1. Allo mai da'ira, bakinsa ja, da lamba a tsakiya. Wannan shi ne iyakar gudu. Idan an rubuta 50, kada mota ta wuce kilomita 50 a awa. Idan an rubuta 30, to 30 ɗin ce.

2. Allo mai da'ira da lamba, an ja layi a kan lambar. Wannan yana nufin waccan iyaka ta ƙare a nan.

3. Allo mai sunan gari a mashigar garin. Daga gindinsa an shiga cikin gari. A cikin gari iyakar gudu kilomita 50 ce a awa, ko da ba a ga allo mai lamba ba. A mafitar garin akan sa sunan da jan layi a kansa. Sai an wuce shi an fita gari.

4. Allo mai kusurwa uku, bakinsa ja. Wannan gargaɗi ne. Idan akwai hoton saniya, wurin ƙetarawar dabbobi ne. Idan hoton yara ne, makaranta tana kusa. Idan layi ne mai lanƙwasa, kwana tana gaba. Duk inda aka gan shi a ɗaga ƙafa daga totur.

5. Jan allo mai kusurwa takwas, an rubuta STOP. A nan tsayawa ake yi cak, a duba dama da hagu, sannan a wuce.

6. Farin layi a tsakiyar kwalta. Idan layin miƙaƙƙe ne bai tsinke ba, an hana wuce wata mota. Idan tsinke-tsinke ne, ana iya wucewa in hanya ta buɗe.

Lambar da ke kan allo iyaka ce. Ba a ce dole sai an kai ta ba. Idan akwai hazo, ko ruwa, ko ramuka, ko cunkoson mutane, wajibi ne direba ya yi ƙasa da ita. Manyan motocin kaya da na fasinja kuma ba a yarda su yi gudun ƙananan motoci ba, domin nauyinsu ya fi yawa.

Minti nawa gudu ke ragewa?

Direba mai gudu yana zaton lokaci mai yawa yake ci. Bari mu yi lissafi tare.

A ce tafiyar kilomita 100 ce. Mota mai gudun 90 za ta yi ta cikin minti 67. Mota mai gudun 110 za ta yi ta cikin minti 55. Bambancin minti 12 ne kawai. Ko shayi ba a gama dafawa ba cikin minti 12.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram akwai wajen kilomita 235. Ko da hanyar babu gari ko ɗaya, mai gudun 110 zai riga mai gudun 90 da rabin awa ne kawai. To hanyar kuwa tana ratsa Cadawa, da Agye, da Gazawa, da Tasawa, da Takeita. A kowane gari dole a sassauta. Akwai kuma wurin biyan kuɗin hanya da shingen bincike. Mai gudu da mai natsuwa sukan haɗu a shinge guda, ɗaya yana bayan ɗaya.

Mu duba cikin gari. A ce tsawon garin kilomita 2 ne. Mai gudun 50 zai ratsa shi cikin minti 2 da sakan 24. Mai gudun 80 zai ratsa shi cikin minti 1 da rabi. Abin da ya ci bai kai minti guda ba. Saboda abin da bai kai minti guda ba ya sa ran yaran mutane cikin haɗari, ya kuma ba jandarma dalilin tsayar da shi.

Idan aka tsayar da shi fa? Duba takardu, da rubuta laifi, da zuwa biyan tara, suna iya cinye awa guda ko fiye. Duk mintocin da ya tara tun safe sun zube. Gaskiyar masu iya magana, sauri ya haifi nawa.

Ga kuma maganar mai. Mota tana ture iska ne idan tana tafiya. Gwargwadon gudunta, gwargwadon ƙarfin iskar da take turewa, gwargwadon man da take sha. Kowane direba yana iya gwada wannan da kansa. Ya cika tanki, ya yi tafiya da gudun 90, ya rubuta litar da ya sha. Wata rana ya tuna litar da yakan sha idan ya yi gudun 110 a kan wannan hanya. Zai ga bambanci a aljihunsa. Gudu yana kuma cin taya da birki. Wannan tara ce da direba ke cin kansa kullum, ba tare da jandarma ba.

Me ya sa hukuma ta tsananta?

Mota ba ta tsayawa nan take. Akwai abu biyu da ke faruwa idan direba ya ga haɗari.

Na farko, sai ido ya gani, kwanya ta gane, ƙafa ta taka birki. Wannan yakan ɗauki wajen sakan 1 ga mutum mai lafiya da bai gaji ba. Cikin wannan sakan mota tana tafiya da cikakken gudunta. Mai gudun 50 yana cin mita 14. Mai gudun 90 yana cin mita 25. Mai gudun 120 yana cin mita 33.

Na biyu, bayan an taka birki mota tana ci gaba da tafiya kafin ta tsaya. Idan gudu ya ninka sau 2, nisan birki yana ninkawa sau 4. Idan aka haɗa biyun, a kan busasshiyar kwalta mai kyau, da taya mai kyau, ga abin da ake samu:

Gudun 50: mota tana tsayawa bayan wajen mita 28.
Gudun 90: bayan wajen mita 70.
Gudun 120: bayan fiye da mita 110, wato ya zarce tsawon filin ƙwallo.

Idan kwalta ta jiƙe, ko yashi ya hau ta, ko an yi wa mota lodi fiye da kima, nisan yana ƙaruwa.

A ce jaki ya fito hanya, tsakaninsa da mota mita 70. Mai gudun 90 zai tsaya daf da shi. Mai gudun 120 zai buge shi da ƙarfi ƙwarai. Jaki ɗaya ne, hanya ɗaya ce, gudu ne ya raba su.

Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, kamar mutum ya faɗa busasshiyar rijiya mai gaba biyar ko shida. Karo a gudun 90 kuwa daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 30 da ɗoriya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa wajen mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma ce, idan mota ta bugi mai tafiya a ƙasa da gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun 50 fiye da sau 4. Wannan shi ne dalilin iyakar 50 a cikin gari. An sa tara ne domin direba ya ji zafi a aljihu kafin wani ya ji a jiki.

Shiri kafin a bar gida

Yawancin gudu daga makara yake fitowa. Wanda ya fita a makare shi ke neman rama lokaci a hanya. Ga abubuwan da ya kamata a yi:

1. A lissafa lokacin tafiya da gaskiya. Idan aka haɗa ratsa garuruwa da shingaye, mota takan ci wajen kilomita 70 ne a awa. Da wannan lissafi, Yamai zuwa Maraɗi awa 9 da rabi ce. A ƙara lokacin salla da cin abinci a kai. Wanda yake so ya isa kafin magariba sai ya tashi da asuba.

2. Kada a yi alkawarin da zai sa gudu. Gara a ce wa mai jira sai da dare, a iso da la'asar, da a ce masa azahar a yi ta tsere da rana.

3. A yi lodi tun da yamma. A sha mai tun da yamma. Da safe sai tafiya.

4. A duba takardu ɗaya bayan ɗaya. Lasin tuƙi, wanda ake kira farmi, ya dace da irin motar: A na babur ne, B na ƙaramar mota, C na motar kaya, D na motar ɗaukar jama'a. Sai takardar mallakar mota, wato kart-giris. Sai inshora, wato asirans. Sai takardar binciken lafiyar mota, wato bizit. Sai shaidar biyan harajin mota na shekara. Sai katin ɗan ƙasa. A karanta ranar ƙarewar kowace takarda. Wanda aka tsayar saboda gudu, aka tarar inshorarsa ta mutu, laifinsa ya zama biyu.

5. A duba mota. Birki, da fitilu, da madubai, da ruwan inji. A auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi. A lokacin bazara kwalta tana zafi ƙwarai. Tsohuwar taya, da lodi mai nauyi, da gudu, idan suka haɗu sai fashewa.

6. A gyara agogon gudu idan ya mutu. Direban da allurarsa ba ta motsi bai san gudunsa ba. Kafin a gyara, ana iya aunawa da duwatsun kilomita na bakin hanya. Idan daga dutse zuwa dutse an yi minti 1, gudun 60 ne. Idan sakan 40 ne, gudun 90 ne. Idan sakan 30 ne, gudun 120 ne, sai a sassauta.

7. Kada a wuce kima wajen lodi. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suna da doka mai lamba 14 ta shekarar 2005 a kan nauyin manyan motoci. Akwai wuraren awo, kuma lodin da ya wuce ƙa'ida yana da tasa tarar.

8. A yi barci isasshe a daren tafiya.

A kan hanya

Bayan awa biyu ko uku a kan miƙaƙƙiyar hanya, jiki yakan saba da gudu. Direba yana 110 amma yana jin kamar 80 yake. Idan ya shigo gari ya rage zuwa 70, sai ya ga kamar tafiyar hawainiya yake yi. Jiki yana ruɗi, allura ba ta ruɗi. A riƙa duban agogon gudu a kai a kai, musamman a mashigar gari da kan gangara.

A huta bayan kowace awa 2, ko da na minti 15 ne. A sauka, a miƙe ƙafa, a sha ruwa, a wanke fuska. Garuruwan babbar hanya mai lamba 1 sun dace da haka: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa. Idan barci ya zo, maganinsa barci. Goro da shayi da kofi suna ɗan jinkirta shi ne kawai. Ƙwayar tramol kuwa guba ce ga direba. Tana sa jiri, tana rage hankali, tana iya sa mutum ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Giya ma haka take, kuma tuƙi cikin maye babban laifi ne.

A bar tazara tsakanin mota da mota. Idan motar gaba ta wuce wata itaciya, a ƙirga sakan 3. Idan an iso itaciyar kafin a gama ƙirga, an matse ta da yawa.

Kada a shiga tsere. Idan wani ya matso baya yana ta ƙaho, a ba shi hanya ya wuce. Direban da ke gudu don ya riga wani ɗaukar fasinja a gari na gaba, ribarsa kujera ɗaya ko biyu ce, asararsa kuwa tana iya zama motar duka.

A ɗaura bel, na gaba da na baya. Mai babur ya sa hular kwano. A ajiye salula har sai an tsaya. Mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari wajen sau 4.

Ga wuraren da ake rage gudu ko babu allo:

Ranar kasuwa. Kasuwar Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a, ta Damagaram ranar Alhamis. Ƙauyukan bakin hanya ma kowanne da ranarsa. Amalanke, da jakuna, da masu talla, duk suna kan kwalta.

Lokacin tashi daga makaranta. Yaro ba ya iya auna gudun mota.

Burtali da mashaya. Idan saniya ɗaya ta ƙetare, saura suna biye. A yankin Kure, tsakanin Yamai da Doso, har raƙuman dawa suna ƙetare hanya.

Lokacin kaka da almuru. Amalanken shanu ɗauke da dammunan hatsi ba su da fitila.

Lokacin damina. Ruwa yana kwararowa ya hau hanya, ya bar yashi da laka. Kada a shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba.

Lokacin hunturu. Hazo yana rufe gaba. A kunna fitila ko da rana ne.

Da dare. Fitila ba ta haska nesa. Kada gudu ya wuce inda haske ya kai. In da hali a bar tafiyar dare.

Idan an tsayar da kai

Ɗan'uwa direba, idan jami'i ya ɗaga maka hannu, ka rage gudu, ka kunna sigina, ka tsaya a gefen dama. Kada ka gudu. Ƙin tsayawa laifi ne da ya fi gudun girma. Ka yi sallama, ka miƙa takardunka, ka yi magana cikin ladabi.

Ka tambaya a natse: "Ranka ya daɗe, wane laifi na yi?" Kana da haƙƙin ka sani. Idan laifin gaskiya ne, ka amsa shi. Gardama da ɗaga murya ba sa rage tara.

Idan za ka biya, ka karɓi takardar shaidar biya. Ka karanta ta kafin ka tashi. Ka duba kwanan wata, da lambar motarka, da irin laifin, da yawan kuɗin, da hatimi. Kuɗin da aka rubuta ya zama daidai da wanda ka bayar. Idan an riƙe wata takardarka, ka nemi shaidar an riƙe ta, ka kuma tambayi ofishin da za ka karɓo ta. A nan ne karatu ke yi wa mutum rana. Wanda ya iya karanta takardarsa da wuya a cuce shi.

Kada ka miƙa kuɗi a ɓoye don a ƙyale ka. Cin hanci laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Kuɗin da ba shi da takarda ba ya shiga baitulmalin ƙasa. Kuma wanda ya saba sayen laifinsa ba ya barin laifin, har ranar da zai gamu da abin da kuɗi ba sa gyarawa.

Idan kana ganin an zalunce ka, kada ka yi faɗa a bakin hanya. Ka riƙe takardarka, ka rubuta wurin da lokacin. Ka kai kuka wurin shugaban ofishin jandarma ko na ƴan sanda na yankin. Ƙungiyar direbobi ta tasharku ma tana iya raka ka.

Tikitin kuɗin hanya shi ma a adana shi har ƙarshen tafiya, domin ana iya tambayarsa a gaba.

Idan haɗari ya faru, a tsaya, a taimaki masu rauni, a sanar da hukuma. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18.

Masu ƙetara iyaka

Da yawa daga cikinmu suna shiga Nijeriya: daga Ƙonni zuwa Sakkwato, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Kano. Kowace ƙasa da dokarta. A can akwai hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a shekarar 1988. Ga ƙananan motoci na gida, iyakar gudu 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Motocin haya ba sa wuce 90 ko a tagwayen hanyoyi. Tirela da tankar mai ba sa wuce 60. Tun shekarar 2017 aka tilasta wa motocin haya na can sa na'urar da ke hana mota wuce iyakar gudu. Kafin a ƙetara, a je wurin kamfanin inshora a tabbatar takardar tana aiki a ƙasar da za a shiga. Baƙo ba ya cewa bai san doka ba a ƙyale shi.

Fasinja da mai mota suna da nasu rabo

Sau da yawa fasinjoji ne ke zuga direba. Wani ya ce: "Direba, taka mana, kasuwa za ta watse." Wani ya yaba wa mai gudu, ya yi wa mai natsuwa ba'a. Idan aka ci tara, direba ne ke biya. Idan mota ta kife, kowa ne ke biya.

Fasinja yana da baki. Idan gudu ya yi yawa, ya ce: "Malam direba, don Allah a sassauta, akwai mata da yara a motar nan." Idan mutum uku suka faɗa tare, direba zai ji. Idan ya ƙi, a sanar da jami'ai a shinge na gaba, ko shugabannin tasha.

Mai mota kuma kada ya ɗora wa direbansa abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya ce lalle sai an yi sawu biyu a inda sawu ɗaya ke yiwuwa, shi ya aiki direba ya yi gudu. Tafiya mai nisa ƙwarai tana son direba biyu, suna karɓar juna.

Abin da za mu riƙe

A tashi da wuri. A cika takardu. A karanta allo. A cikin gari kada a wuce 50. A duba allura, a huta bayan awa 2. Idan an yi laifi a biya a karɓi takarda. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa direban garinsu, da ɗansa mai babur, da abokan zamansa a tasha. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.